Dutse Ɗaya a Hannu

Asabar ɗin da ta biyo bayan sallar layya, shekarar da na shiga aji uku, Baba ya tashe mu tun rana ba ta yi zafi ba, ya ce a tafi mashigi. Ni aka ɗora wa tsohon kwano cike da tsakuwa, yayata Hadiza ta ɗauki kwando, Inna ta biyo mu da gorar fura. Ina tafe ina ƙunƙuni, tsakuwa na zubo mini a wuya, domin ranar ce 'yan ajinmu suka shirya carafke a gindin tsamiyar makaranta, ni kuwa a carafke ba a taɓa cinye ni ba.

Tsakanin ƙauyenmu da hanyar Isa akwai gandun daji, kuma a tsakiyarsa wani kwazazzabo ya ratsa, mai zurfin da yake ɓoye mutum a tsaye. Inda hanya ta ƙetare shi, nan ne mashigi. Duk damina ruwa sai ya yage wani sashe nasa, duk kaka kuma sai gidanmu ya gyara. Babu wanda ya ɗora mana, babu mai biyanmu. Kakanmu ne ya fara, Baba ya gada. Manyan duwatsu ake jerawa a ƙasa, a cike tsakaninsu da tsakuwa, a zuba jar ƙasa, sannan mu yara mu hau muna tattakawa muna waƙa har ta daskare. Da farkon damina kuma mu dasa ciyawar jema a gefe, saboda saiwarta ta riƙe ƙasa. Sai dai yankinmu rairayi ne, dutse sai an nema. Shi ya sa gidanmu ke da doka: ɗan gidan ba ya isa mashigi hannu wofi. Ko gona za ka, ko aike, ko biki, sai ka tsinci dutse a hanya ka ajiye a tarin da ke bakin gaɓa. Baba kan ce, "Ko awa ƙwan kaza ne, ɗauko shi." Na tsani dokar nan kamar me. Ƙawayena har suna suka sa mini, wai Jakar Duwatsu.

Ranar nan da ƙunƙunina ya ishi Inna, sai ta dire gora ta dube ni. "Ke da kike kumbure-kumbure, ta nan anka wuce da ni cikin amalanken shanu, tsakar damina, ina naƙudarki. Ba don duwatsun ga ba, da ni da ke mun daɗe cikin ƙasa." Ban daina jin haushin aikin ba, amma na daina faɗa.

Na gama firamare ke nan aka fara jin labarin 'yan bindiga, daga nesa tukuna, sannan daga ƙauyukan da muke da dangi. Da damina ta kankama, garuruwan da ruwa ya yanke wa hanya suka ɗan sami sauƙi. Mu kuwa mashiginmu ƙalau yake, babur na hawa ya sauka ko tangarɗa babu. Ta nan suka shigo da rana tsaka suka kore shanun gari, ta nan suka dawo suka tafi da mutane. Wata la'asar dattawa suka zo zaurenmu. Muna jiyo su daga ciki, suna ta kewaye-kewaye saboda nauyin Baba, har ɗayansu ya daure ya ce, "Malam Bawa, hanyag ga ita ka kawo muna su. A kashe ta." Baba bai musa ba. Washegari ya saɓa diga, ya hana samari taɓawa. "Ni na san inda anka aza kowane dutsi. Ku bari in kwance abina." Yana tonowa, mu muna kwashewa muna watsarwa cikin daji, da kwanon nan da kwandon nan. Ni da nake ƙunƙunin kawo su, ranar na yi kuka har na kasa ganin gabana.

A daminar da ta zagayo, Hadiza, wadda ta yi aure a nan ƙauyenmu, ta fara naƙuda tun safe, har azahar abu ya ƙi. Aka sa ta a amalanke za a kai ta asibiti a Isa, amalanke ya zo bakin kwazazzabo ya tsaya. Ruwa na gudu ja wur. Aka koma gari aka cire ƙyauren ɗaki, aka kwantar da ita a kai, maza suka ɗaga sama suka shiga ruwa har ƙirji, Baba a gaba. Sun ƙetare. A wancan gaɓar, kafin a sami abin hawa, ta cika, ita da abin da ke cikinta. Babu wanda ya ce laifin wani ne, kuma har yau ban ji Baba ya ta da maganar ba. Su kuwa 'yan bindiga tuni sun samo wata hanya ta arewa. Kafin a yanke gero muka bar garin.

Yanzu muna cikin Isa, a gidan haya mai ɗaki biyu. Masu zuwa daga can sun ce kwazazzabon ya cinye jemar, ya faɗaɗa har ba a gane inda mashigin yake. A da ina ganin babu wahalar da ta kai ɗaukar dutse a ka. Yau da za a bar ni in ɗauka, da gudu zan je. Baba ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, amma duk dawowarsa daga masallaci sai ya shigo da dutse ɗaya a hannu, ya ajiye a bayan ɗaki. Mai gidan ya yi magana ya gaji. Tarin ya kai gwiwata, kuma a cikinmu babu mai zuciyar tambayarsa inda za a kai su.