Tsohuwar da ke Niƙa a Meksik

Duk lokacin da aka gama girbi, ƙanshin soyayyar fara ya cika tashar Tasawa, sai na tsaya cak kamar an kira sunana. Masu fara su ɗauka kwaɗayi ne. Wallahi ba kwaɗayi ba ne, kakata nake tunawa, da wata ƙasa da ta tsana alhali ko a mafarki ba ta taɓa taka ta ba.

Muna yara a ƙauyenmu, can wajen Mayahi, tele ɗaya ce tak a garin, ta wani kawunmu da ya yi ci-rani. Da batirin mota ake kunna ta, a ɗora ta bisa turmi a tsakar gida. In an idar da magariba sai mu baje a ƙasa muna kallon wasan mutanen Meksik da aka juya zuwa Faransanci. Kakata ba ta jin kalma ɗaya, amma ita ce a sahun gaba, tana ɓarar gujiya tana tsaki. Amarya ta daka wa uwar miji tsawa, ɗa ya nuna ubanshi da yatsa, maza da bindigogi da ƙattin malafuna. Ba mai daka, ba mai durƙusa wa babba.

"Su waɗannan ba su da tsofaffi ne?" in ji ta. Mu ma haka muka ɗauke su, mutanen banza masu kuɗi.

Ita ta rene ni tun rasuwar mahaifiyata, "maigidana" take kirana saboda wasan jika. Na girma, na ci jarrabawar bak, na yi jami'a, aka ba ni burs, wato tallafin karatu, in ƙaro karatun noman masara. Kuma a ina? A Meksik! Ranar da na faɗa mata tana durƙushe gaban dutsen niƙa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Can za ka, maigidana? Ka dawo ka nuna ni da yatsa?"

Na daɗe a durƙushe. Ba ta hana ni ba, amma ba ta sa mani albarka ba. Da na isa, duk na kira waya ƙanwata ta miƙa mata, sai ta ce hannunta da ƙullu. Abin ya ci mani rai ƙwarai, don ta tsufa, kuma tsoro nake ji kada ta tafi ba ta faɗi kalmar nan ba.

Da hutu ya zo, wani abokin karatuna ya ja ni ƙauyensu a kudancin ƙasar. Muna shiga kasuwa hancina ya kama wani ƙanshi, na ce kai, yunwar gida ta fara taɓa mani hankali. Na waiwaya, ga wata mata da kwando tuli da fara, jawur da yaji, tana matsa mata lemun tsami. Fara fa! Na yi salati da ƙarfi har matar ta tsorata. Kusa da ita wata na kwasar zoɓo da ludayi. Na tsaya baki buɗe, abokina na ta dariya, wai ya zaci ƙyama nake yi.

Ashe ban ga komai ba. Muna shiga gidansu, abokin nan nawa, ƙato mai gemu, ya cire hula, ya sunkuya ya sumbaci hannun kakarshi, bai ɗago ba sai da ta dafa kanshi. Ita kuwa tana durƙushe gaban dutsen niƙa, tana niƙa dafaffiyar masara, kafaɗunta na kai da komo sak na kakata. Ƙwalla suka zubo mani a gaban baƙi. Na roƙi izini na ɗauki duka a waya, har da farar, na tura wa ƙanwata.

Ƙanwata ta ce an yi ta maimaita wa kakata bidiyon har caji ya ƙare. Washegari wayata ta yi ƙara, sai ga muryar kakata.

"Maigidana, tsohuwar nan ta iya niƙa. Amma ka ce mata ta riƙa sa tsumma ƙarƙashin gwiwa, kada sanyi ya kama ta irin nawa. Farar fa, suna cire mata fiffike?"

"Suna cirewa, Iya."

Ina jin kukan akuyoyinmu ta bayanta, sai ta ce:

"Ashe telen kawunka maƙaryaciya ce. To zauna ka yi karatunka, Allah ya yi maka albarka."

Kafin ruwan farko ya sauka ta rasu, ban dawo na same ta ba.

Yanzu injin niƙa ke ruri a ƙauyen, dutsenta na kife bayan rumbu. Ƴaƴana kowa da waya a hannu, suna kallon wasu ƙasashen suna yanke masu hukunci, nakan ce su yi a hankali. Saƙon kakata kuwa na isar da shi tun ranar. Abokina ya ce har yau tsohuwar ba ta durƙusawa gaban dutse sai ta shimfiɗa tsumma.