Dabaibayin Malam Dikko

Dikko ɗan gidan malamai ne a Sanyinna. Mahaifinsa bai bar gona mai faɗi ba, sai gafakoki cike da littattafan da ya kwafa da hannunsa. Takardun nan ba a ɗinke suke ba, warwatse suke a cikin fata, don haka duk shafin da tsohon ya cika, sai ya sauko can ƙasa a kusurwa ya rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba. Ko iska ta watsa littafi, mai karatu zai bi kalmomin nan ya mayar da kowace takarda gurbinta. Gidan suna da 'yan shanu, shi ya sa Dikko tun yana ƙarami ya sa wa wannan kalma suna dabaibayi. Ya ce shafi ma dabba ne, in ba a ɗaure masa ƙafa ba sai ya shiga gonar wani.

Ni tela ne, kuma tare muka tashi. Allah ya sani ban taɓa samun aboki kamarsa ba, ko da yake ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Da aka ba Sakkwato jiharta, kuɗin man fetur ya fara shigowa, ofisoshi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Dikko ya yi firamare, ya kuma koyi buga tafireta a birni, sai aka ɗauke shi a wani ofishin rabon taki a Tambuwal. Aikinsa buga jadawali: sunan gari, sunan mai unguwa, yawan buhuna. Jadawalin ƙasar Kebbe dogo ne, shafi ɗaya ba ya ɗaukarsa, sai ya gangara na biyu da na uku har ya wuce. Dikko ba ya barin shafi tsirara. A saman kowanne sai ya sake buga taken gaba ɗaya, ya ƙara da "ci gaba daga shafin baya", ya jera kan kowane gida na jadawalin kamar yadda yake a farko. A ƙasa kuma, can kusurwa, sai ya buga sunan garin da zai buɗe shafi na gaba. Yana yi yana ɗan motsa leɓe, kamar mai tilawa.

Shugaban ofishin, Malam Ɗangiwa, mutum ne mai haƙuri, ya daɗe yana gani yana kau da kai. Sai wata shekara wani sabon akawu a birni ya ga sunan garin Fakku a ƙasan shafi, ya juya ya sake ganin Fakku a saman na gaba, ya lissafa su gari biyu. Aka turo taki ninki, aka zo ana neman Fakku ta biyu a daji ba a same ta ba. Mutane suka yi dariya, amma takardar tuhuma da ta biyo baya ba ta dariya ba ce, kuma a kan teburin Ɗangiwa ta sauka.

Ya kira Dikko, ya rufe ƙofa. Dikko da kansa ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Malam Dikko, taken da kake maimaitawa a sama, ci gaba da abinka, har na yaba. Amma wanga abu na ƙasa, a bar shi daga yau."

"Ranka shi daɗe, dabaibayi ne."

"To ga shi dabaibayinka ya haifa muna gari. Mi za ni ce ma birni? Nan ofis ne, ba zauren babanka ba. Shafi yana da lamba, lambar ta isa."

"Lamba ta san uku na bin biyu, amma ba ta san wane biyu ba. Jadawali nawa ag ga mu cikin ofishin ga, kowane da shafi na biyu nai?"

"Na ji. Amma ko dai ka bari, ko in nemi wani mai bugu. Ba ni son haka, wallahi. Kana da iyali."

Dikko ya ce ya tsaya yana kallon tafiretar ta taga. Ya san abin da zai rasa: albashi, gidan ma'aikata da aka yi masa alkawari, da fansho. Matarsa Yelwa tana da tsohon ciki a lokacin. Duk da haka ya ce, "Ranka shi daɗe, hannun ga bai iya sakin shafi haka nan ba. A nemo wani." Ya lulluɓe tafiretar da mayafinta, ya yi wa masinja sallama, ya fito.

Shagona ya zo kai tsaye. Na yi masa faɗa kamar zan doke shi. Na ce kalma ɗaya tak, Dikko, a kan kalma ɗaya za ka zubar da aikin gwamnati? Ya ɗauki rigar da nake ɗinki, ya juya bakinta, ya ce, "Kai, Maccido, tela uban tsegumi, in mai riga ya ce kar ka kashe bakin zare, sai ka miƙa mai haka?" Na ce ai riga daban. Ya ce, "To ɗinka abinka, ka bar ni."

Yelwa ta yi kuka, ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, sannan ta sayar da tunkiyarta suka haɗa ya sayi tsohuwar tafireta wadda harafi ɗaya ke maƙalewa. Ya kafa tebur a gindin darbejiya kusa da tasha, daura da shagona. Yana buga wa direbobi jadawalin layi, malaman makaranta jadawalin sakamako, 'yan kasuwar Dogon Daji jerin kaya. Wasu kan ce ya rage musu maimaicin nan, shafi ya yi yawa. Sai ya zare takardar ya miƙa musu, ya nuna musu wani mai bugu a tsallaken titi. Ba arziki ya yi ba. Akwai shekarar da rigarsa ta salla ni na ɗinka kyauta ban gaya wa kowa ba, shi ma bai yi godiya ba, don ya san zan ji kunya.

Bayan wasu shekaru Ɗangiwa ya tsaya da motarsa a gindin bishiyar. Ya ce sun sha canza masu bugu, babu mai tsabtar aikinsa, ya dawo, kujerarsa na nan. Dikko ya tashi ya ba shi benci, ya aika a kawo masa fura, sannan ya tambaya, "Da dabaibayi?" Ɗangiwa ya girgiza kai, ya ce doka ce, ba ya iya canzawa. Dikko ya ce, "To sha furarka, ranka shi daɗe, ka gai da mutanen ofis." Suka yi dariya su biyu, suka rabu lafiya, kowa a kan bakansa.

A gindin bishiyar nan ya zauna har ƙarfinsa ya ƙare. A daminar da ta wuce ciwon ƙirji ya kwantar da shi, muka kai shi Sanyinna muka rufe shi kusa da mahaifinsa. Bai bar fansho ba, bai kuma taɓa cewa da na sani ba, ko a gabana da nake jiran in ji. Allah ya jiƙanka, Dikko. Har yau ina jin haushinka, kuma har yau in na ɗaga kai daga keken ɗinki, tasha nake kallo.