Shekarar da Yaya Ta Shiga Lis

Tun ina ƙarama na san kujerar kansila ta unguwarmu, Jambutu a Garwa, ta gidanmu ce. Kakanmu ya riƙe ta, Baffa, wan mahaifinmu, ya gaje shi. Da ciwon ƙafa ya zaunar da Baffa, kowa ya san babban ɗansa ne zai shiga lis, wato jerin 'yan takarar da jam'iyya ke fitarwa.

Sai ga sunan yayata a lis ɗin wata jam'iyya. Malamar makaranta ce. Matan kasuwa ne suka matsa mata, har da Kiristocin da suka sauko daga duwatsu suna sayar da gyaɗa, saboda kwatar da ke cika musu rumfuna duk damina.

Baffa ya tara mu bayan la'asar. Mu mata muna kan tabarma a bakin zaure, maza suna ciki. An kawo shayi, ba wanda ya taɓa. Bai dubi Yaya ba, mahaifinmu ya duba.

"Ka ce wa 'yarka ta janye."

Baba ya daɗe yana murza carbi. "Ai ta girma. Da aurenta, da 'ya'yanta."

"Ni ma na san shekarunta. Ni na yanka ragon sunanta."

Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Baffa, ban fito don in kunyata ka ba. Sau uku ina zuwa meri, ofishin magajin gari, kan maganar kwatar nan, ana cewa in dawo."

"Da kin zo wurina."

"Na zo, Baffa."

Ban taɓa jin an mayar masa da magana ba. Ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa, ya shige cikin gida ba sallama.

Makonnin da suka biyo baya, gwaggonninmu suka riƙa zuwa shagon ɗinkina ɗaya bayan ɗaya. Ba ɗinki ya kawo su ba. Kowacce sai ta zauna, ta yaba atamfa, sannan ta tambaye ni ko na manta wanda ya yi min waliyyi.

Ranar zaɓe na tsaya a layi, matar ɗan Baffa a bayana, ina jin numfashinta a wuyana. Da na shiga bayan labule sai takardar zaɓen ta faɗi. Na ɗauka na sa wa Yaya.

Ba ta ci ba. Ɗan Baffa ne ya ci, aka yi kiɗa har ƙofarmu.

Kwana biyu bayan haka magina suka zo da bulo, suka toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidanmu da na Baffa. Washegari Baba ya sa hularsa, ya zaga ta titi ya je gaida wansa. An bar shi tsaye a zaure har rana ta ɗaga, sannan aka ce ya shigo.