Injin Iska a Rufin Taubashina

Ni na fara kai albasa Ikko daga gidanmu na Bodinga, a farkon mulkin farar hula na biyu. Ni kuma na ja taubashina, ɗan ƙanwar babana, na nuna masa hanya, na sama masa rumfa kusa da tawa a wata kasuwa ta bakin ruwa. Albasar da nake taƙama da ita ta Baffa ce, ƙanen babana, mai fadama a Dandin Mahe. Duk dillalin da Baffa ya ba amfanin gonarsa, shi sauran manoman wajen suke bi. Ni yake ba.

Wata rana wasu mutanen jami'a suka shigo kasuwa, mace ɗaya da maza biyu, suna ɗaga kai suna duban rufi. Wurin ɗora inji suke nema, mai zuƙar iskar teku. Sun tsaya gaban rumfata, har na jawo musu benci. Sai matar ta nuna ta taubashina, wai ta fi tawa tsawo. Bambancin bai kai kamu ɗaya ba.

Injin yana da farantai jere a ciki, kowanne da farar takarda. Abubuwan da ke yawo cikin iska, manya-manyan su tsaya a farantin sama, ƙananan su wuce zuwa na ƙasa. Sai su kwashe takardun su tafi su duba abin da ya manne. Duk zuwansu a rumfarsa suke zama, ya sayo musu lemo, yana ta tambaya da guntun Turancinsa na ciniki. Ni ina gefe ina gyaran buhu, kunnena yana can.

"Taubashi, ka san iska na da gishiri?" in ji shi wata safiya. "Sun ce teku ka watso shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. Gishiri kuwa ruwa yaka ja."

Na ce, "To ka buɗe baki ka sha, ka huta da sayen na miya."

A wajenmu iska maganin albasa ce. Rudu muke yi mata, wato gadon kara, mu ɗaga ta daga ƙasa, mu bar iska ta ratsa ta. Don haka na buɗe rumfata ta gefen ruwa, inda iska ta fi kaɗawa, kamar yadda kowane ɗan Bodinga zai yi. Shi kuwa ya rufe wannan gefen da tamfol, ya buɗe na baya. Na yi masa dariya har makwabta suka taya ni.

Lokacin da kasuwa ke gudu, babu wanda ya ga bambanci, don kaya ba sa kwana. Da aka shiga tsuke bakin aljihu, masu saye suka janye, buhuna suka zauna. Albasata ta fara jiƙa daga wuya, ta yi laushi, ta yi wari. Tasa ma ta taɓu, amma kaɗan.

Da muka koma gida muka je gaida Baffa. Mun same shi a gindin darbejiya da manoma. Na faɗi asarar da aka yi ban rage komai ba. Taubashina kuwa ya gyara zama ya ɗauko labarin injin, yana jera faranti a iska da hannu, tsofaffi suna gyaɗa kai kamar shi ya ƙera shi.

Baffa ya dube ni. "Kai ba ka ga injin nan ba?"

"Na gani, Baffa. Rufinai anka zaɓa."

"Amma kunnenka na kusa," in ji taubashina.

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Bana albasata ta bi rumfa mai tamfol."

Sauran manoma suka bi, ɗaya bayan ɗaya.

Ban mutu ba. Na koma kan manoman Sifawa da Dingyadi, na sayi tamfol, na ci gaba. Har yau ban tabbata ko gishirin ne ko sa'a ba. Amma da na koma Ikko na kira kafinta ya ƙara wa rufina tsawo, ya wuce nasa da kamu biyu. A lokacin mutanen jami'a sun sauke injinsu, wai kuɗin aiki ya yanke. Babu wanda ya sake zuwa duban rufi.