Gugan Yayana a Rijiyar Buzu

Na sha ruwan rijiyoyi daga Agadas har Kukawa, na iya roƙon ruwa da harshe huɗu, amma har yau in na tuna rijiyar Dakoro sai zuciyata ta tafasa.

Yaƙi ne ya taso iyayenmu daga ƙasar Katsina. Muka zauna kwarin Maradi, gona ta yi mana kaɗan, muka ƙara gaba arewa, gida bakwai, da awaki da jakuna da kakata a kan jaki. Mu samari ba mu san komai ba sai labarin garin da aka ƙwace. Kullum ana faɗa mana mu ƴaƴan manya ne, mun baro soraye da rumbuna. Suka cika mu da wannan magana kamar salka, sannan suka sake mu cikin makiyayan da ba su taɓa jin sunan kakanninmu ba.

A kwari ruwa kusa yake, wanda ya riga zuwa shi ke ɗiba. A arewa zurfin rijiya gaba ashirin ne, kuma ta wanda ya gina ce. Ba a hana baƙo ruwa, amma ba ya zura gugansa. Sallama zai yi, mai rijiya ya jawo ya zuba masa. Daga baya na tarar da haka wurin Fulani da Larabawan hamada. Iyayenmu sun sani, girman kai ya hana su gaya mana.

Ranar da aka fara aikenmu shayar da awaki, yayana ya isa bakin rijiya ya zura gugansa, ko sallama babu. Mai rijiyar, wani tsohon Buzu, ya kama igiyar ya jawo gugan ya aje gefe. Ya ɗebo da nasa ya cika mana kwami.

"Sha, ɗana, sha," in ji shi, da Hausarsa mai gargada.

"Kai tsoho, mabarata ka maishe mu?" in ji yayana.

Wani saurayin makiyayi ya tuntsire da dariya. "Masu soraye! Ina soron? Ko jakin ne ya kasa ɗaukowa?"

Da muka koma muka ba babanmu labari. Bai ce mana al'adar wurin ke nan ba. Cewa ya yi, "A garinmu wa ya isa ya taɓa igiyar ɗana?" Ya juya ya ci gaba da gyaran fartanyarsa.

Washegari da hantsi muka fita mu tara, kowa da sanda. Mai dariyar ba ya nan. Tsohon muka samu, shi muka daka. Ni ma na buga, a kafaɗa, na ji ƙashi ya amsa. Yayana ya datse igiyar tsohon, gugansa na fata ya faɗa cikin rijiya. Muka dawo muna kirari kamar mun ci gari.

Makiyaya ba su zo mana da takobi ba. Zama suka yi kewaye da rijiyar, matan gidajenmu suka je da tuluna suka dawo da su wayam. Kafin kwana biyu magana ta kai kowace rijiya har Korahane. Babanmu ya je ban haƙuri, ya durƙusa yana cewa, "Yara ne, ba da saninmu ba." Ya mari yayana a gabansu. Mutumin da ya kunna mu da bakinsa! Suka saurare shi har ya gama, babu wanda ya tashi.

Muka juya kudu tsakiyar bazara. Awaki suka riƙa zubewa ɗaya ɗaya. Rana ta uku kakata ta cika a kan jakinta, bakinta a bushe, ita da ba ta zagi kowa ba. Ruwan yi mata wanka ma babu, taimama aka yi mata da yashi. Babanmu ya shiga gaba ya yi mata salla, ni ina bayansa cike da fushi. Ya rasu bayan shekara goma sha ɗaya bai taɓa cewa shi ma da laifinsa ba.