Ranar da Baba Ya Leƙa Cikin Ruwan Shansa

Matso kusa ka ji wani abu, don in na faɗe shi da ƙarfi jikokina dariya suke yi, su ce Kaka ta fara tatsuniya da rana. A daminar 1975, ran wata Laraba da hantsi, ina 'yar shekara tara ko goma, na ga mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin ya kauce wa maciji ko bijimi ba, ya leƙa cikin ɗigon ruwa guda, ya ja da baya da gindi har ya ture ƙwaryar furarsa, yana salati. A tsakar gidanmu aka yi, a wani ƙauye tsakanin Tsafe da Bilbis, ƙarƙashin ceɗiyar da yake kwance a kan tabarma tun farkon shuka, ƙafarsa a kumbure da kurkunu.

Sai na gaya maka mene ne kurkunu, don yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kuma kada ya sanar da su. Wani farin zare ne mai rai, tsawonsa yakan kai kamu biyu, da ke fitowa daga ƙafar mutum. Wuri zai fara ƙaiƙayi, ya yi bororo, ya riƙa zafi kamar an aza garwashi, sannan ya fashe, kan abin ya leƙo. Ba a jan shi da ƙarfi. Naɗe shi ake yi a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan, don in ya tsinke a ciki ƙafa takan zama turmi, sai wanzami ya zo da ƙarfen sakiya, ihu ya cika unguwa. Kuma mugun bai san ya zo da rani ba, lokacin da kowa ke zaune yana saƙar zana. Sai gero ya tsiro, ciyawa ta taso masa, sannan zai kwantar da magidanci. Mu a wurinmu jijiya ce. Tsofaffi suna cewa, "Kowa da nashi kurkunu aka haihe shi, in ya ji ƙamshin ruwan sama shi motsa." Wasu kuma su ce jifa ne.

Wannan daminar ita ce ta biyu a jere da Baba ya yi a kwance, ga shi ba mu gama farfaɗowa daga babban farin nan ba. Rumbunmu in ka leƙa sai ka ji muryarka ta dawo maka. Wata rana ina tankaɗe a bayan danga, na ji Baffa, yayan Baba, yana faɗa wa Inna cewa in baɗi ma haka ta faru, gona za a ba wani aro, Inna ta kwashi ƙannena ta koma gidansu a Bunguɗu, ni kuma a kai ni wurin Gwaggo a Tudun Wada ta Gusau. Na ajiye rariyar. Ni da tun ina ƙarama ko kwana ɗaya a gidan wani ba na iyawa, in an tafi da ni biki sai an dawo da ni kafin magariba ina kuka.

To a gidanmu akwai ruwa iri biyu. Rijiyar unguwa zartsi gare ta, in ka sha sai ka ji harshenka ya yi kauri. Ruwanta muke sha, mu yara da Inna. Shi kuwa maigida ba a ba shi wannan. Nasa daga tafkin bayan gari ake ɗebowa, kuma ba ko'ina ba, can ƙarƙashin kainuwa inda rana ba ta taɓawa, ruwan ya yi sanyi da garɗi. Aikina ke nan tun da na iya ɗaukar tulu. Da sassafe, kafin shanu su dagula, in naɗa gammona, in bi ta cikin raɓa, in kutsa har gwiwa, in ture kainuwar da bayan ƙwarya a hankali, talibambam suna watsewa. Randarsa daban, moɗarsa daban, da shi ake dama masa fura. In ya kurɓa sai ya lumshe ido ya ce, "Luba, wanga ruwa ko Makka sai dai zamzam." Ni kuma in yi ta fankama har wurin gaɗa. Da ya kwanta ciwo ma sai na ƙara himma, don gani nake ba abin da zan iya yi masa da ya wuce wannan.

Da la'asar kuma akan aza shi bisa jaki a kai shi bakin tafkin nan, saboda ba abin da ke kashe zafin kurkunu kamar a tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi. Nan za ka tarar da su a jere, magidanta, kowa ƙafarsa a ruwa, suna ba'a suna gardamar wa zai riga wani tashi. Mu yara muna gefe muna tsinkar bado, muna kiran wurin majalisar guragu, in an ji mu a jefo mu da hoge.

Ana cikin haka Kawu Lawali, ƙanin Inna, ya zo hutu daga Zariya inda yake karatu. Ya zo da wani akwatin katako da bai yarda kowa ya taɓa ba, da buhun kwalabe wankakku. Kullum sai ya bi tafki da rafi da kududdufi yana cika kwalaben nan, har mata suka fara yi wa Inna jaje a asirce, wai boko ya taɓa yaron. Tsakaninsa da Baba kuwa akwai wasan ƙanin mata da mijin ya, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Baba yakan kira shi Bature. "Bature, in ruwa kaka so ga randa nan, mi kaka yi da kwalba kamar mai tallar kananzir?" Wata safiya Kawu ya bi ni tafki. Ya tsaya ya ga inda nake ɗiba, ya dubi inda majalisa ke zama, bai fi tsawon tabarma biyu tsakani ba. Ya ce, "Luba, nan kika ɗebo ma Baba kullum?" Na ce nan ne, da alfaharina. Sai ya cika kwalba daga tuluna, ya ɗaga ta saitin rana. Na ga wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar garin tuwo a ciki. Na ce ƙura ce. Ya ce in ƙara dubawa. Ƙurar nan tsalle take yi.

Da muka iso gida ya buɗe akwatin nan a gaban Baba. Wani ƙarfe ne baƙi mai lanƙwasasshen wuya kamar na zalɓe, da ido ɗaya a sama, da ɗan madubi a ƙasa da ke kamo hasken rana. Ya ce da shi ake ganin abin da ya fi ƙarfin ido. Ya ɗebo ruwa daga randar Baba, da moɗar Baba, ya ɗiga a kan wani ɓallin gilashi, ya yi ta murɗa wani abu a gefe. Ya canja ɗigo, ya sake canjawa, Baba yana cewa, "In aljanu kaka nema, ba su fita da hantsi." Can sai Kawu ya ɗago, ba dariya a fuskarsa, ya tura ƙarfen gaban tabarma ya ce, "Yaya Umaru, rufe ido guda ka duba." Baba ya yunƙura bisa gwiwar hannu ya duba. Nan ne furar ta zube.

Ni ma na leƙa, kuma har gobe in na rufe ido ina gani. Kasuwa ce sosai a cikin ɗigon nan. Wasu korraye suna mirginawa kamar goruba, wasu dogaye suna sulɓewa, ga wani babba a tsakiya mai gashin baki biyu da jan ido guda ɗaya tal a goshi. Jikinsa garau kamar kwalba, ana hango cikinsa, kuma a cikin cikin nasa ga wani siririn abu a naɗe yana motsi. Na ƙwala ihu na ruga bayan Inna. Ita ko da ta duba ba ta yi ihu ba, zama ta yi a ƙasa daɓas, ludayi a hannunta. Kawu ya ce mai jan idon nan ƙuman ruwa ne, abin da ke cikinsa kuma ɗan kurkunu ne. In mai ciwo ya tsoma ƙafa a tafki, uwar takan zubo 'ya'yanta, ƙuman ya haɗiye su, mutum ya haɗiye ƙuman, sai shekara ta zagayo abin ya fito. Kaji suka zo suna tsattsagar furar da ta zube. Baba ya daɗe yana kallon randarsa. Ya ce, "Ashe mu muka shuka shi da marece, ɗiyata ta girbo man da sahe."

Ran nan ban sha ruwa ba, ko na rijiya, sai da leɓena ya bushe Inna ta matse ni ta ɗura mini. Kawu ya ce a riƙa tafasa wa Baba ruwa. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya tofar. "Ruwan zahi? Haihuwa niy yi? To ku kawo man kunun kanwa in cika jego!" Na rijiya kuma ya ce gara ƙishirwa. Da ƙyar aka daidaita a kan tacewa. Inna ta buɗe kwallarta ta ciro wani farin alawayyo mai sarƙaƙƙiyar saƙa da take adanawa tun na aurenta, ta yage shi ba ta ko tsaya tunani ba, ta ɗaure bakin randa da shi. Zuwa majalisa kuma Baba ya daina, a gida ake jiƙa masa ƙafa a ƙwarya, a zubar da ruwan a bayan danga. Abokansa suka yi ta yi masa ba'a, wai ƙanin mata ya sa masa takunkumi. Kafin Kawu ya koma ya faɗa a gaban kowa cewa wanda aka riga aka sha ba ya tacuwa, kada a yi mamaki in baɗi ya leƙo.

Ya kuwa leƙo. Ana gama shuka sai ga bororo a idon sawun Baba. Ran nan na san tashin hankali, don da na ga Baffa ya shigo har na fara hango ni a motar Gusau da ƙunshin kayana. Baba ya fusata, ya ce a kwance tsumman banzan nan daga randarsa, shekara guda ana mai da shi abin dariya ga abin da ya samu. Inna, wadda ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba, ta tsaya tsakaninsa da randar ta ce, "Malam, wanga na bara ne, an gaya maka. In ka kwance ƙyallen ga, ka kwance da ni." Baffa ya ce maganarsa tana nan, gona ba ta jiran mai ƙafa ɗaya. Sai ga Kawu ya dawo hutu, ya ajiye akwatinsa, ya ari fartanyar Baba. Hannun da bai san komai ba sai alƙalami, kafin azahar ya faffashe, ya naɗe shi da tsumma ya koma. Baba daga kan jaki yana yi masa tsawa, "Bature, gero kaka sarewa, ciyawa na can tana maka dariya!" Samarin unguwa suka ji kunya suka yi mana gayya. Abin da aka girbe ba yawa, amma ya isa Baffa ya ce a ƙara ganin shekara guda.

Daminar da ta biyo, kullum da safe in na kai wa Baba ruwan alwala sai in saci kallon ƙafafunsa. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, ba ƙaiƙayi ba bororo. Ran da ya gama kunyar ƙarshe ya dawo gida da laka har gwiwa, ya tsaya a tsakar gida ya buga ƙafa a ƙasa kamar ɗan dambe, Inna ta rufe fuska da gefen zane. Ba a kai ni Gusau ba. A gidan nan na girma, daga cikinsa aka kai ni ɗakina.

Shi kuwa Kawu wannan duba-ruwan ne ya zama aikinsa har tsufa. Daga tafkunanmu ya gangara Ikko, ya shiga jirgin ruwa, yana ɗebo ruwan teku yana bin halittun da suka fi ƙuman nan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ya taɓa gaya mini wai akwai waɗanda man fetur ne abincinsu, in ya malala a ruwa su ke lashe shi. Ni da na tsaya a aji uku ban musa ba, don na riga na ga abin da ya hana ni musu. Yanzu Baba da Inna da Kawu duk sun tafi, Allah ya jiƙansu. Famfon tuƙa-tuƙa ne a unguwarmu, ga ruwan leda, ba yarinyar da ke shiga raɓa da tulu, ba magidancin da ke kwana da tsinke a ƙafa, na kuma gode wa Allah. Sai dai wani lokaci nakan yi kewar zamanin da yarinya ke da abin da za ta kai wa ubanta da hannu biyu ya lumshe ido, ko da yake na san abin da ke ciki. Ƙauna ba ta hana mu cutar da shi ba, gani ne ya hana. Kai fa, a gidanku, mene ne kuke ware wa wanda kuka fi so, da ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa?