Haladu Mai Rufi da Siton Sanyi na Mahjar

An haifi Haladu a Mai Wurno, garin Hausawa da ke bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, kuma a can ya fara hawa saman ɗaki yana bin mahaifinsa da azara a kafaɗa. A shekarar 1953 ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin da niyyar ya sauke farali ya koma gida. Faralin dai ya sauke shi, amma komawa ba ta yiwu ba, domin wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi aiki ya hau da shi Ɗa'ifa, garin da ke bisa duwatsu, inda ɗarin safiya kan hana mutum riƙe guduma. Shekara tara ya yi a can yana rufa wa masu inabi da rumman kantuna da sito.

A Ɗa'ifa ne ya koyi abin da ya zama jarinsa. Rufin kwano na farko da ya ɗora wa wani mai gidan burodi ya riƙa ɗiga kowace safiya, alhali ko girgije babu. Mai gidan ya rantse an bar masa huji. Haladu ya hau ya duba ƙusa bayan ƙusa, bai ga komai ba. Sai da ya yi safiya uku yana zaune yana kallon kwanon daga ƙasa, sannan ya gane cewa ɗumin ɗakin ne ke tashi ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya zama ruwa. Daga ranar ya riƙe doka guda: duk inda ɗumi da sanyi suke maƙwabtaka, a shafa kwalta a ɓangaren ɗumin, don kada danshi ya sami hanyar wucewa.

Da ya sauko Jidda a 1962, ya auri Luba, wadda kakanninta suka zo aikin hajji suka zauna. Tana da ƙane, Abdulghaffar, wanda ya kai shekara ashirin ba shi da sana'a, sai yawon bakin teku. Ita ta roƙi mijinta ya ɗauke shi. Haladu ya koya masa yadda ake jera azara, da yadda ake dafa kwalta ba tare da ta kama wuta ba, da yadda ake tafiya bisa kwano da tsakar rana. Abdulghaffar yana da kai, kuma yana da abubuwan da malaminsa ba shi da su: takardar zama ɗan ƙasa, da Larabcin mutanen Hijaz, da iya karanta zanen gini. Bayan shekara shida ya buɗe nasa wurin, ya sayi a-kori-kura aka rubuta sunansa a jikin ƙofarta. Haladu kuwa yana nan da iƙamarsa, takardar izinin zaman baƙo, wadda ba ta sabuntuwa sai kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya sa hannu.

Motar nan ita ta fara ci masa rai. In ya ji ƙarar ta ta shigo lungu, sai shayin da ke hannunsa ya fita daga ransa. In ya ji Larabawa suna kiran surukinsa Mu'allim, sai ya tuna ranar da wannan Mu'allimin ya faɗa cikin garwar kwalta da ƙafa ɗaya yana ihu. Bai taɓa yi masa mugun abu ba, bai kuma taɓa yaba masa ba. Kowace la'asar, a bencin Garba mai shayi, inda mutanen unguwa ke haɗuwa, Haladu kan yanke wa sabon aikin Abdulghaffar hukunci. Wannan azararsa ta yi nisa da juna, iska za ta ɗauke shi. Wancan bai karkata ba, ruwan farko zai zauna a kansa. Ruwa ya zo ya wuce, iska ta zo ta wuce, rufi yana nan inda aka ɗora shi.

Na'ibi tela, abokinsa tun daga jirgin Sawakin, shi ne ba ya raga masa. "Malam Haladu, wanne ne zai faɗi a wannan makon? Faɗa mini in sauya hanya."

A farkon 1971 wani attajiri mai suna Hamad ya tashi gina siton sanyi a unguwar Mahjar, inda zai riƙa ajiye tuffa da lemo da naman da jirage ke kawowa. Gini ne babba, injuna za su riƙa hura masa sanyi dare da rana. Haladu ya taɓa rufa wa Hamad kanti har sau biyu, kuma duk Jidda ba ya jin akwai mai rufin da ya san sanyi kamarsa. Ya sa aka wanke masa farar jallabiya, ya rataye ta yana jiran aike. Aiken bai zo ba. Abdulghaffar aka ba aikin, domin ya je wa Hamad da wani littafi mai hotuna na wani kamfanin Turai, wanda ke nuna yadda ake rufe manyan kantuna a ƙasashen da ƙanƙara ke sauka.

Abdulghaffar da kansa ya kawo zanen bencin Garba, ya shimfiɗa bisa gwiwarsa. "Shuf, Yaya, duba nan, ginin sanyi ai sai rufin ƙasar sanyi. Kwano a sama. Ƙarƙashinsa fallin, wannan ɓawon itacen mara nauyi da ke tare zafi. Can ƙasa, ta cikin ɗaki, takarda mai kwalta. Halas."

Haladu bai iya karanta rubutun ba, amma da yatsan surukinsa ya sauka kan layin kwaltar, sai ya gane an juya shi, sannan wani daɗi ya biyo baya wanda shi kansa ya ji kunyarsa. Wannan karon kuskuren na gaske ne.

Ya ce, "Ka juya shi. Su a ƙasarsu ɗumi yana cikin ɗaki, sanyi yana waje, shi ya sa suka sa kwalta a ciki. Kai sanyinka yana ciki, ɗumin Jidda da danshin teku suna waje. Iska za ta bi ƙarƙashin kwano ta shiga fallin ɗinka, ta tarar da sanyi ta zama ruwa, kwaltarka kuma ta tare ruwan ya rasa mafita. Zai sha har ya ƙoshi, ya faɗo."

Na'ibi ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Yau kuma ruwa daga iska zai fito! Jama'a, an gama da ruwan sama, an koma na iska."

Abdulghaffar ya naɗe zanensa yana murmushi. "Allah ya ja kwana, Yaya. Wallahi in ka yabi aikina ranar zan tsorata."

Washegari Haladu ya sa jallabiyar nan ya tafi wurin Hamad. Attajirin ya ba shi gahawa, ya saurare shi har ƙarshe cikin mutunci, sannan ya ce, "Ya Haladu, an ba ni labarinka. An ce tun da yaron nan ya sayi mota ba ka ga rufinsa mai kyau ba. Ka bar shi ya ci rabonsa."

Haladu ya koma gida yana huci. Luba tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. "Malam, shekara uku kana cewa zai faɗi. In ni ce Hamad, ni ma gahawa zan ba ka in sallame ka."

"Amma wannan gaskiya na faɗa!"

"Waɗancan fa, me ka faɗa?"



Aka gama gini, aka kunna injuna, aka cika sito da kaya. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Haladu kan bi ta Mahjar, ko da yake ba hanyarsa ba ce, ya tsaya daga nesa ya ƙura wa rufin ido. Kwano yana ta walƙiya kamar ba abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. Wani lokaci yakan ji tsoron kada ya faɗo a kan leburori, wani lokaci kuma tsoron da ya fi damunsa shi ne kada ya ƙi faɗowa. Yakan yi istigfari, mako na zagayowa ya sake komawa.

A wata na bakwai, lokacin da danshin teku ke sa riga ta manne wa mutum tun da safe, wani ɓangare na silin ya ɓalle ya rufta kan akwatunan tuffa. Allah ya sa babu kowa a wurin. Fallin da yaro zai iya ɗagawa da hannu ɗaya sai da ƙarti biyu suka ciccibe shi, ruwa yana tsiyaya.

Da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gidan Haladu. Abdulghaffar ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma. "Yaya, ya faɗo."

"Me ya faɗo? Ai na ji an ce rufin Turawa ne."

"Yaya, don Allah. Hamad ya ba ni mako biyu."

Haladu ya daɗe yana kallon ƙeyar da ke sunkuye a gabansa. Ya jima yana jiran wannan rana, ya ga kuma ba ta kai daɗin da ya zata ba, saboda babu mai gani sai Luba. Don haka ya kafa sharaɗi: sai an maimaita maganar a bencin Garba, a gaban Na'ibi. Da la'asar Abdulghaffar ya tsaya a gaban jama'a ya ce Yaya ya faɗa, shi ne bai ji ba. Na'ibi ya cire hularsa ya ɗora wa Haladu bisa tasa.

Kwana goma sha biyu suka yi a kan rufin. Aka kware kwano, aka zubar da jiƙaƙƙen fallin, aka jera sabo, aka malala masa kwalta ta sama har sau biyu ba tare da an bar ko tsagar allura ba. Abdulghaffar ya ajiye agogonsa ya ɗauki bokiti kamar dā, yana tambaya. Me ya sa sau biyu? A kusurwa fa? In bututu ya ratsa rufi, yaya ake yi? Haladu, da daɗin a tambaye shi ya ɗebe shi, bai rage komai ba. Abin da ya tara cikin shekara tara a Ɗa'ifa ya juye shi duka kafin a mayar da kwanon ƙarshe.

Ranar da suka sauko, Abdulghaffar ya ce, "Yaya, ka dawo wurina mu haɗa. Ni zan zama kafilinka, ka huta da bin wani."

Haladu ya dube shi sama da ƙasa. "Kai za ka riƙa sa mini hannu? Kai da na ciro daga garwar kwalta?" Ya saɓa tsaninsa ya tafi da ƙafa.

Rufin Mahjar bai sake ɗiga ba. Cikin shekara uku Abdulghaffar ya rufe wasu sito na sanyi a unguwannin Madinar Masana'antu da Khumra, duk da kwalta ta sama, har 'yan kasuwa suka riƙa cewa a yi musu irin rufin Abdulghaffar. Duk ranar da Haladu ya ji wannan suna ba ya cin abincin kirki. Ya ci gaba da rufe ƙananan kantuna, ya ci gaba da zama a bencin Garba, inda surukinsa bai fasa kawo kowane sabon zane yana shimfiɗawa ba, shi kuma bai fasa kushewa ba.

Na'ibi ne ya farkar da shi wata rana. "Kai, ba ka lura ba? In ka gama zaginsa, yana shiga mota ya juya takardar ya rubuta. Ya daina yi maka dariya tun na Mahjar. Tankaɗe maganarka yake yi, ya zubar da haushin ya ɗauki sauran."

Haladu ya ajiye kofi. A nan take ya yi alkawarin bakinsa ya rufu, ko rufin masallaci aka kawo.

Zane na gaba na wata ma'ajiyar kifi ne a Khumra. Kallo ɗaya ya yi masa ya ga an bi da indararo ta cikin bangon ɗakin sanyi, inda ruwa zai daskare ya tsaga bututun. Amma ya ce, "Ya yi kyau." Abdulghaffar ya dube shi da mamaki, ya naɗe takarda a hankali ya tafi.

Kwana tara Haladu ya yi yana riƙe da maganar. Ya yi faɗa da Luba a kan gishiri, ya buge yatsansa da guduma, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi. A rana ta goma ya hau motar haya zuwa Khumra, ya tarar ana shirin zuba siminti. Bai yi wa kowa sallama ba ya kama tsani, da furfurarsa da komai.

Abdulghaffar ya leƙo daga sama. "Yaya! Lafiya?"

"Wane jaki ne ya ce a bi da indararo ta nan?"

"Ni ne, Yaya."

"Na sani. Matsa in wuce."